Wi-Fi a gida da ofis: yadda yake aiki da abin da yake tonawa

A watan Disambar 2021 Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta yi gwanjon wani yanki na zangon rediyo da ake buƙata domin sabis ɗin 5G. Kamfanoni biyu ne suka yi nasara, MTN da Mafab, kuma farashin kowane lasisi ya tsaya a kan dala miliyan 273.6. Abin da suka saya ba ya ganuwa, ba ya taɓuwa. Izini ne na watsa saƙo a kan wani zango ba tare da wani ya sa musu baki ba. A daidai wannan lokaci, a ɗakunan kwanan ɗalibai da ofisoshin lauyoyi da shagunan buga takardu, ƙananan akwatuna masu ƙyafta fitila suna ta watsa nasu saƙon a kan wani zangon na daban, alhali babu mai akwatin da ya nemi lasisi ko ya biya kwabo saboda iskar da yake amfani da ita. Wannan shi ne Wi-Fi.

Wi-Fi hanya ce ta haɗa wayoyin hannu da kwamfutoci da firinta da talabijin ta igiyar rediyo a madadin kebul, a cikin taƙaitaccen wuri kamar ɗaki ko gida ko ofis. Nisan da yake ci a cikin gini ba ya wuce 'yan gomomin mita. Abu na farko da ya kamata a riƙe shi ne Wi-Fi daban, intanet daban, duk da cewa a bakin jama'a sun zama abu guda. Intanet kamar ruwan famfo ne da ake turowa daga nesa, Wi-Fi kuwa tiyo ce da ke raba shi a tsakar gida. Ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da manyan kebul huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, mutane da yawa sun ga alamar Wi-Fi a cike fal a wayoyinsu amma shafuka sun ƙi buɗewa. Tiyo lafiyarta ƙalau, famfo ne ya ƙafe.

Daga juji aka tsinto shi

Labarin ya soma ne da hukuncin wata hukumar gwamnati. A 1985 Hukumar Sadarwa ta Tarayyar Amurka, FCC, ta amince jama'a su yi amfani da zanguna uku ba tare da lasisi ba: na kusa da megahaz 900, da gigahaz 2.4, da gigahaz 5.8. Tun farko an ware su ne domin injinan masana'antu da na kimiyya da na asibiti, kuma na'urar ɗumama abinci ta maikurowef ma a kan gigahaz 2.45 take aiki. Saboda hayaniyar waɗannan injina ba a ɗauki zangunan da wata daraja ba, har ana yi musu laƙabi da juji. Wani injiniyan hukumar, Michael Marcus, shi ne ya dage a kan a buɗe su. Sharuɗɗan da aka gindaya su ne kowace na'ura ta yi magana da ƙaramin ƙarfi, ta baza saƙonta yadda ba zai danne na wasu ba, kuma ta haƙura da duk hayaniyar da ta tarar.

Injiniyoyin kamfanin NCR da ke Holan na cikin waɗanda suka fara cin moriyar hukuncin, inda a farkon shekarun 1990 suka fitar da WaveLAN domin haɗa injinan karɓar kuɗi na manyan kantuna. Ɗaya daga cikinsu, Vic Hayes, shi ya shugabanci kwamitin ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE mai lamba 802.11, wanda ya fitar da ƙa'idar farko a 1997, mai gudun megabit 2 a daƙiƙa. A 1999 aka kai megabit 11, kuma a shekarar ce kamfanin Apple ya sa fasahar a kwamfutarsa ta iBook, ta shiga hannun jama'a. Shi kansa sunan Wi-Fi wani kamfanin raɗa wa kaya suna, Interbrand, ya ƙirƙiro shi a wannan shekara saboda daɗin faɗa. Ba taƙaitawar wasu kalmomi ba ne.

Daga nan sai ƙarin gudu. Tun 2018 ake kiran matakan da lambobi masu sauƙi: Wi-Fi 4 na 2009, Wi-Fi 5 na 2013, Wi-Fi 6 na 2019, sai Wi-Fi 7 da aka fara tantance na'urorinsa a Janairun 2024. Sababbin suna iya magana da tsofaffi. Wanda layin da ke shigo masa gida bai wuce megabit 20 ba, sayen rautar Wi-Fi 7 ɓarnar kuɗi ce kawai a gare shi, domin Wi-Fi 5 ko 6 sun ishe shi har da ragi.

Abin da ke cikin akwatin

Akwatin da ake kira rauta yawanci na'urori uku ne a cikin kwanso ɗaya. Akwai modem, wanda ke magana da kamfanin sadarwa. Akwai ita rautar kanta, mai tsara shige da ficen bayanai tsakanin gida da waje. Sai kuma ƙaramar tashar rediyo mai eriya, wadda ita ce ainihin Wi-Fi ɗin. Intanet na iya iso wa modem ta hanyoyi daban-daban: ta sim ɗin 4G ko 5G, wanda shi ya fi yawa a gidajenmu, ta kebul ɗin faiba, mai ɗaukar saƙo da haske a cikin zaren gilashi, ta faranti da aka kafa a kan rufi yana kallon hasumiyar wani kamfani, ko ta tauraron ɗan'adam, kamar Starlink da ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, karo na farko a Afirka. Wayar hannu da aka kunna wa hotsifot ita ma rauta ce ta wucin gadi.

Tashar takan yi ta shelar sunanta kusan sau goma a kowace daƙiƙa. Sunan nan, da ake kira SSID, shi ne mutum ke gani a jerin da ke fitowa a wayarsa. Da zarar waya ta ba da kalmar sirri aka karɓe ta, rauta za ta ba ta lambar adireshi ta cikin gida, irin wadda ke farawa da 192.168. Lambar ba ta da amfani a waje. Duk na'urorin gidan, ko goma ne ko talatin, da adireshi ɗaya suke fita duniya, ita kuma rauta tana riƙe da lissafin wanda ya aiki wane saƙo domin ta miƙa masa amsarsa. A lura da wannan batu na adireshi ɗaya, zai sake tasowa a maganar tsaro.

Zango biyu da bangon siminti

Yawancin rautocin yanzu suna watsawa a kan zango biyu, gigahaz 2.4 da gigahaz 5. Na farko ya fi cin nisa da ratsa bango, amma a cunkushe yake. Hanyoyi uku kacal ke cikinsa da ba sa hawa kan juna, wato ta 1 da ta 6 da ta 11, ga kuma Bluetooth da maikurowef da rautocin maƙwabta duk a ciki. Na biyu ya fi faɗi da gudu, sai dai bango biyu ko uku kan raunana shi ƙwarai. Idan sunan Wi-Fi ya ƙare da "5G", galibi wannan gigahaz 5 ɗin ake nufi, kuma ba shi da wata alaƙa da sabis ɗin 5G na kamfanonin waya. Wasu ƙasashe sun ƙara buɗe gigahaz 6, Amurka ta yi hakan a 2020.

Akwai wata ɗabi'a ta Wi-Fi da ke bayyana yawancin ƙorafin da ake yi a kansa. A kan hanya ɗaya, na'ura ɗaya ce ke magana a lokaci guda. Kowace sai ta saurara ta ji an yi shiru kafin ta furta nata, idan kuma biyu suka yi karo sai kowace ta ɗan dakata ta sake gwadawa, tamkar zaman majalisa mai ladabi. Saboda haka tsohuwar waya da ke can ƙuryar gida, wadda sai an yi mata magana a hankali ana maimaitawa, tana cinye lokacin kowa. Yawan mutane a kan tasha ɗaya ma haka yake yi, ko da layin waje yana da ƙarfi.

Ƙarfin da rauta ke watsawa da shi ɗan kaɗan ne, a ƙasashe da yawa an ƙayyade shi a kusan miliwat 100 a kan gigahaz 2.4, alhali gidan rediyon FM da dubban wat yake magana. Don haka wurin ajiya ya fi tsadar na'ura muhimmanci. Bulo da siminti mai rodi suna shanye sigina, kaurin bangon ƙasa ma haka. Kwanon rufi da ƙofar ƙarfe da madubi suna mayar da ita baya. Ruwa yana shanye ta, shi ya sa tankin ruwa ko ɗaki cike da mutane ke rage ta. A ɗora rauta a sama, a sarari, kusa da tsakiyar wurin da ake son ta wadatar, kada a cusa ta bayan talabijin ko cikin kabad. A gidan da sassa ke kewaye da tsakar gida, tagar da ke kallon tsakar gidan ta fi ƙuryar falo. Sai dai rauta mai sim tana da buƙata biyu da kan ci karo: tana son taga inda sabis ya fi ƙarfi, mutanen gida kuma suna son ta a tsakiya. Idan ya zama dole a zaɓa, sabis ɗin waje ake fifitawa, sannan a ja kebul zuwa tasha ta biyu a ciki.

Lambobin da ake bugawa a jikin kwali, irin su 1200 ko 3000, jimillar abin da zangunan za su iya ne a ɗakin gwaji, ba abin da waya ɗaya za ta samu ba. Haka kuma kamfanoni da megabit suke talla, alhali girman fayil da megabait ake auna shi, kuma bit takwas ne ke yin bait ɗaya. Layin megabit 20 ke nan yana sauke megabait 2.5 a daƙiƙa, bidiyo mai gigabait ɗaya zai ɗauki kusan minti bakwai idan komai ya tafi daidai. Mai son gane inda matsala take sai ya gwada gudu yana tsaye kusa da rauta, ya sake gwadawa a ɗakin da ake kuka da shi. Idan duka biyun ba su da kyau, laifin layin waje ne. Idan na nesa ne kaɗai, laifin bango ne.

Ofis

Ofishin da ya wuce ɗakuna uku ko huɗu ya wuce ƙarfin akwati ɗaya. Abin da ya fi inganci shi ne a ja kebul daga rauta zuwa ƙananan tashoshi da ake kafewa a silin, duka da suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya, ta yadda waya za ta riƙa sauya tasha da kanta. Kebul ɗin yana kai wa mita 100 ba tare da ya raunana ba, wani nau'in ma yana ɗauke da wutar da tashar ke buƙata. Inda jan kebul ya gagara, akwai tsarin mesh, wanda tashoshinsa ke miƙa wa juna saƙo ta iska. Ƙaramar na'urar ƙara nisa da ake soka wa a soket ita ce mafi araha, ita ce kuma mafi ba da takaici, domin mai rediyo ɗaya sai ta saurara sannan ta maimaita, gudu ya ragu da kusan rabi. Duk abin da ba ya motsi, kamar kwamfutar tebur da firinta da na'urar adana hotunan kyamara, gara a haɗa shi da kebul a bar iska ga masu yawo.

Batun wuta ba ya cikin littattafan da ke zuwa da na'urorin, amma a nan shi ne kan gaba. Rautar gida yawanci da bolt 12 take aiki, kuma abin da take ci bai cika wuce wat goma zuwa ashirin ba, don haka ƙaramin batir na musamman kan riƙe ta sa'o'i bayan an ɗauke wuta. Zafin bazara da wutar da ke dawowa da ƙarfi su ne suka fi kashe ta.

Wa ke ganin me?

Igiyar rediyo ba ta san katanga ba. Duk abin da rauta ta watsa yana isa titi da gidan maƙwabci, abin da ke kare shi kawai shi ne kulle shi da ake yi da lissafin sirri. Makullin farko, WEP, an fasa shi tun 2001, kuma yau cikin mintoci ake buɗe shi. WPA2 ya zo a 2004, shi ne har yanzu ya fi yawa. A 2017 wani mai bincike a jami'ar Leuven ta Beljiyam, Mathy Vanhoef, ya gano wata kafa a cikinsa da aka sa wa suna KRACK, aka toshe ta ta hanyar sabunta manhaja. WPA3 ya fito a 2018. Duk rautar da ba ta da WPA2 ko WPA3 ta gama aiki.

Kalmomin sirri biyu ne a jikin kowace rauta, kuma mutane ɗaya kawai suka sani. Ta farko ita ce ta shiga Wi-Fi. Tana iya kai harafi 63, kuma tsawonta shi ne ƙarfinta, domin wanda ya naɗi gaisuwar da waya ke yi da rauta a tsarin WPA2 yana iya komawa gida ya sa kwamfuta ta yi ta cankar kalmar ba tare da kowa ya sani ba. Lambar waya ko sunan ɗa da shekarar haihuwarsa ba sa jimawa. Jimla mai kalmomi huɗu ko biyar da ba su da dangantaka da juna ta fi. Ta biyu ita ce ta shafin sarrafa rautar, wanda ake buɗewa da adireshi irin 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, kuma sau da yawa ana barin ta yadda ta zo daga masana'anta. Wanda ya shiga wannan shafi yana iya karkatar da mutanen gida zuwa shafin banki na bogi. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta mamaye dubban ɗaruruwan kyamarori da rautoci ta hanyar gwada irin waɗannan kalmomi na masana'anta, aka yi amfani da su wajen kai harin da ya hana shiga Twitter da wasu manyan shafuka a sassan Amurka a watan Oktoban shekarar. Yana da kyau kuma a kashe WPS, tsarin haɗawa da lambobi takwas, wanda aka nuna rauninsa tun 2011, a kuma riƙa sabunta manhajar rautar.

Mai rauta, ko mai otal ne ko shugaban ofis ko hukumar makaranta, yana iya ganin sunan na'urar da ta shiga, da lokacin da ta shiga, da yawan datar da ta ci, kuma galibi har da sunayen shafukan da ta ziyarta. Ba ya iya karanta abin da ke cikin shafin da adireshinsa ya fara da https, ko saƙonnin WhatsApp da Signal, domin a kulle suke tun daga waya. To amma ga ɗan jarida ko ɗan fafutuka, sanin cewa wane ya buɗe shafin wata ƙungiya da ƙarfe kaza na dare ma bayani ne. Akwai kuma dabarar kafa tashar bogi mai suna iri ɗaya da na filin jirgi ko zauren taro, waya ta shige ta da kanta saboda ta taɓa sanin sunan. Wi-Fi na kyauta marar kalmar sirri, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. VPN yana rufe wa mai rauta da kamfanin sadarwa ido, amma yana buɗe wa kamfanin VPN ɗin, kuma na kyauta da yawa da bayanan masu amfani da su suke cin abinci.

A nan batun adireshi ɗaya yake dawowa. Daga waje, duk abin da aka yi ta rautar gida da sunan mai layin aka yi shi. A Najeriya tun Disambar 2020 aka wajabta haɗa kowane sim da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, har da wanda ke cikin rauta, kuma sashe na 38 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ya umarci kamfanoni su adana bayanan masu layi da na zirga-zirgarsu tsawon shekara biyu. Wanda ya raba wa rabin unguwa kalmar sirrinsa, idan wani ya yi damfara ko barazana ta layin, ƙofarsa za a fara ƙwanƙwasawa. Wannan ba dalilin rowa ba ne. Yawancin rautoci suna da sashen baƙi mai suna da kalmar sirri daban, wanda ke ba da intanet ba tare da baƙo ya kai ga kwamfutoci da firintar gida ba, ana kuma iya sauya kalmarsa duk lokacin da aka so. Ba ya sauya sunan da ke kan layin, amma yana bai wa mai gida ikon sanin wa ya bari ya shiga. Ofishin ƙungiya ko gidan jarida da ke sa baƙi a layi ɗaya da kwamfutar da ke ɗauke da sunayen majiyoyi ya yi sakaci babba, haka ma wanda ma'aikaci ya bar aiki amma kalmar sirri tana nan yadda ya san ta.

Idan aka yanke layi

'Yancin da Wi-Fi ke da shi a bakin ƙofa yake ƙarewa. Ba a neman lasisi kafin a kunna rauta a gida, amma layin da ke ciyar da ita na kamfani ne mai lasisi, wanda ke karɓar umarni daga gwamnati. Lokacin da aka dakatar da Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, a wajen kamfanonin aka toshe shi, saboda haka sauya daga data zuwa Wi-Fi bai buɗe wa kowa shi ba sai da VPN. Da aka kashe sabis a jihar Zamfara a Satumbar 2021, sannan a sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, rautoci masu sim sun koma akwatuna masu fitila kawai, kuma VPN ba shi da abin da zai yi inda babu layi sam. A Nijar ma an katse intanet na wayoyin hannu na kusan kwana goma bayan zaɓen shugaban ƙasa na Fabrairun 2021.

Duk da haka, abin da ke cikin gida yana ci gaba da aiki. Rautar da ba ta da intanet tana iya haɗa kwamfuta da firinta, ko ta bai wa ɗalibai damar ɗaukar littattafai daga kwamfuta ɗaya da aka tara su a ciki. Masu tura finafinai da waƙoƙi a kasuwanni sun daɗe da sanin wannan, domin manhajar Xender da ire-irenta da Wi-Fi suke aika fayil daga waya zuwa waya ba tare da an taɓa data ba. A wasu wuraren al'umma sun kai abin gaba. A Kataloniya ta ƙasar Sifaniya, tsarin guifi.net ya soma ne a 2004 da mazauna karkara suna kafa eriya a kan rufin juna, a Mankosi ta Afirka ta Kudu kuma ƙungiyar gama-kai ta Zenzeleni ce ke gudanar da sadarwar ƙauyukanta. A birnin Habana na ƙasar Kuba matasa sun gina SNET, wadda ta haɗa dubban kwamfutoci ba tare da intanet ba, har zuwa 2019 lokacin da sababbin dokoki suka mayar da ita ƙarƙashin cibiyoyin kwamfuta na gwamnati. A Najeriya, mai son ya wuce raba wa iyalinsa da ma'aikatansa ya koma sayar wa jama'a intanet, sai ya nemi lasisin NCC.